An yi maguɗi a akwatinmu: wa ke da hurumin kai ƙara, kuma da wace hujja?

Duk kakar zaɓe, da wuya a zauna teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura ba a taɓo maganar kotu ba. Ga tambayoyin da na fi ji a bakin mutane.

Ni da na kaɗa ƙuri'a, zan iya kai ƙara da kaina?

A'a. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu 2022, kuma da ita aka yi zaɓen 2023, ɗan takara ko jam'iyyar da ta shiga zaɓen kaɗai ta ba wannan hurumi. Kai da ka wuni a layi rana na dukanka, iyakarka shaida. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ƙuri'ar da aka sace taka ce.

Kwana nawa ake da shi?

Sashe na 285 na kundin tsarin mulki ya yanke: kwana 21 daga ranar bayyana sakamako a shigar da ƙara, kwana 180 kotun zaɓe ta yanke hukunci, kwana 60 a gama ɗaukaka ƙara. Aka makara da kwana ɗaya, magana ta ƙare.

Me ya sa mai ƙara bai cika yin nasara ba?

Nan ne gizo ke saƙar. Kotu tana ɗaukar sakamakon da INEC ta bayyana a matsayin daidai, sai mai ƙara ya rushe shi. Kuma bai isa ya nuna an karya doka ba, sai ya nuna karyawar ta kai ta sauya sakamako, akwati bayan akwati. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, rumfunan zaɓe kuwa dubbai. Duk rumfar da ake ƙorafi a kanta ana son wanda ya gani da idonsa, kuma rubutaccen bayanin shaidu tare da ƙarar ake miƙa shi, cikin kwana 21 ɗin nan.

Na taɓa tsayawa a wata rumfa a makarantar firamare har magariba. Ana ƙirga da fitilar waya, ejan ɗin wata jam'iyya ya ce wa abokinsa, "Malam, bari in sa wani abu a ciki in dawo." Kafin ya dawo an cike takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, an manna kwafi a bango, jami'ai sun tafi. Bai sa hannu ba, bai karɓi kwafinsa ba. Ko wane babban lauya aka ɗauko daga Abuja, da me zai tsaya gaban alƙali kan wannan akwati?

To, BVAS da shafin IReV fa?

BVAS, na'urar tantance masu kaɗa ƙuri'a, tana da amfani wajen kama aringizo: idan ƙuri'un da aka kaɗa sun zarce mutanen da na'urar ta tantance, ana soke sakamakon rumfar. Amma a hukuncin 26 ga Oktoba 2023 kan zaɓen shugaban ƙasa, Kotun Ƙoli ta ce rashin ɗora sakamako a IReV, shafin intanet na INEC da ake duba sakamakon rumfuna, bai isa ya rushe zaɓe ba. Aka dawo kan takarda.

A ina shari'a ke tsayawa?

Ta shugaban ƙasa da ta gwamna suna kaiwa Kotun Ƙoli. Ta sanata, ɗan majalisar wakilai da na jiha, a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Filato ta ɗanɗana kuɗar wannan: an tsige 'yan majalisar PDP a 2023, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da gwamnansu, ta kuma soki irin dalilin da aka tsige su da shi. Su kuwa ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Rikicin fidda gwani ma kotun zaɓe ake kai shi?

Hanyarsa daban, kuma kwana 14 kacal ake da shi. Mu Katsinawa mun san zafinsa tun rikicin jam'iyyar CPC na 2011, lokacin da aka karɓe takardun shaidar cin zaɓe daga 'yan majalisar tarayya da suka riga suka fara aiki, aka ba wasu. A Zamfara kuma, ranar 24 ga Mayu 2019, Kotun Ƙoli ta zubar da ƙuri'un APC gaba ɗaya saboda ba a yi sahihin zaɓen fidda gwani ba.

Akwai gyara kuwa?

Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fito fili ya ce zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Rahotonsu na 2008 ya ba da shawarar a gama shari'a kafin rantsarwa, kuma nauyin kawo hujja ya koma wuyan INEC. Ni ina tare da shawarwarin biyu, domin INEC ce ke riƙe da takardu da na'urori, wanda aka rantsar kuma da ƙarfin kujera yake kare kansa. Har aka yi zaɓen 2023 ba a sa ko ɗaya cikin doka ba.