Dokar Haɗewa ta 1800 da kujerar masu sarautar Ailan

Dokar da ta haɗe Ailan da Birtaniya ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1801, ta rushe majalisar Ailan da ke Dublin. Masu sarautar gado na Ailan, galibinsu jikokin Turawan Ingila da Sikotlan ne da suka mallaki filaye a can, sai suka wayi gari babu zauren zama.

Dokar ta tanadi su zaɓi mutum 28 daga cikinsu su wakilce su a Majalisar Iyayen Ƙasa ta Landan, wato zauren masu sarauta. Wanda aka zaɓa yana kan kujera har ya mutu, sai gurbi ya faɗo ake sabon zaɓe. Sauran kuwa an ba su damar neman kujerar Majalisar Wakilai, amma a mazaɓar Birtaniya kaɗai, ban da Ailan. Muddin mutum yana can, ba shi da ƙuri'a a zaɓen wakilan nan 28.

Sharaɗin hana su kujerar Ailan ya kama har wanda ya yi wa dokar ɗawainiya. Robert Stewart, wanda aka fi sani da Castlereagh, shi ya tura ta a majalisar Dublin yana Babban Sakataren Ailan. Laƙabin Castlereagh na girmamawa ne da ake ba magaji, ba sarauta ba ce a idon doka, don haka ya iya wakiltar Down, wata mazaɓa a Ailan, a Majalisar Wakilai. Da mahaifinsa ya rasu a Afrilun 1821, ya gaji sarautar Londonderry ta Ailan, nan take kujerar Down ta haramta gare shi. Dole ya koma mazaɓar Orford a Ingila, alhali yana ministan harkokin waje. Ya rasu a 1822 bai bar ɗa ba, sarauta ta koma hannun ƙaninsa Charles, wanda suke uba ɗaya.

Palmerston, wani mai sarautar Ailan, ya fi kowa cin gajiyar damar shiga Majalisar Wakilai: ya gaji sarautarsa a 1802, ya zauna a Majalisar Wakilai daga 1807 zuwa 1865, ya yi firaminista sau biyu.

Tsarin ya lalace a 1922. Da kudancin Ailan ya samu mulkin kai, aka rushe ofisoshin da ke shirya zaɓen wakilan nan 28, ba a sake cike gurbi ba. Wakili na ƙarshe, mai sarautar Kilmorey, ya rasu a 1961.