Taimakon 'yan mishan da iyalai matalauta a Haiti: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ƙungiyoyin mishan suka yi yawa a Haiti?

Saboda gwamnatin ƙasar ta daɗe ba ta iya sauke nauyin da ya rataya a wuyanta. Haiti, wadda take yankin Caribbean, ta sami 'yancin kai daga Faransa a 1804, amma a 1825 Faransa ta tilasta mata biyan diyyar faran miliyan 150, bashin da ya cinye arzikinta shekara da shekaru. Har yau yawancin makarantun ƙasar ba na gwamnati ba ne, coci-coci da masu zaman kansu ne suke tafiyar da su. Girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010 kuwa ta ƙara jawo ƙungiyoyi masu ɗimbin yawa, musamman daga Amurka.

Shin taimakon ya yi wa talakawa amfani?

Babu shakka ya yi. A ƙauyuka da dama, ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse da makarantar da ake da su duk na mishan ne.

To, ina matsalar take?

Babbar matsalar tana gidajen marayu, inda kuɗi mai yawa yake kwarara. Ƙungiyar Lumos mai kare haƙƙin yara ta ƙiyasta cewa yara kusan 30,000 ne suke zaune a irin waɗannan gidaje a Haiti, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna da uwa ko uba a raye. Abin da ya raba su da gida talauci ne. Uwar da take tallar ayaba a bakin titi, wadda ba ta da kuɗin makaranta da na kayan makaranta da takalmi, idan aka yi mata alkawarin cewa ɗanta zai ci sau uku a rana kuma ya yi karatu, da wuya ta ƙi. Masu ba da sadaka a coci-cocin Amurka suna ganin hoton yaron suna aika kuɗi da kyakkyawar niyya, wasu masu gidajen kuma sun gane cewa yawan yara shi ne yawan kuɗin shiga, sai suka shiga neman yara gida-gida.

Abin ya sha kaiwa ga ɓarna. Makonni kaɗan bayan girgizar ƙasar 2010, an kama Amurkawa 10 'yan cocin Baptis suna ƙoƙarin ƙetarawa da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominika ba tare da takardu ba, daga baya aka gano cewa da yawansu suna da iyaye. A Fabrairun 2020 kuma gobara ta hallaka mutum 15, yawancinsu yara, a wani gidan marayu kusa da babban birnin ƙasar, Port-au-Prince, wanda wata ƙungiyar addini ta jihar Pennsylvania take gudanarwa.

Ana cewa mafita ita ce ƙarfafa iyali. Mene ne ake nufi da hakan?

Ana nufin a kashe kuɗin a kan gidan da yaron ya fito, domin iyayensa su riƙe shi da kansu. Misali mai kyau shi ne Fonkoze, ƙungiyar ba da ƙaramin rance da limamin Katolika ɗan Haiti, Joseph Philippe, ya kafa a 1994. Tana da shiri na wata 18 domin mata mafiya talauci: ana ba mace awaki ko ɗan jarin sana'a, ana taimaka mata ta rufe ɗakinta da kwano ta haƙa masai, sannan wani ma'aikaci yana ziyartarta kowane mako yana duba yadda take juya abin hannunta. A ganina wannan ziyarar ita ce ƙashin bayan shirin, domin akuya kaɗai ana iya sayar da ita ranar da yaro ya kwanta ciwo.

Rabon abinci kyauta fa?

Yana ceton rai lokacin bala'i, amma idan ya daɗe yana karya manomi. Manoman shinkafa na kwarin Artibonite sun riga sun ɗanɗana irin wannan, bayan da aka rage harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 3 cikin 100 a 1995, shinkafar Amurka mai arha ta cika kasuwa. Bill Clinton, wanda shi ne shugaban Amurka a lokacin kuma ya goyi bayan matakin, da kansa ya amsa a 2010 cewa manufar kuskure ce.

Yaya rashin tsaro ya shafi aikin?

Tun bayan kisan Shugaba Jovenel Moïse a Yulin 2021, 'yan daba suka mamaye yawancin babban birnin, kuma a Oktoban shekarar suka yi garkuwa da mutum 17 na ƙungiyar mishan ta Christian Aid Ministries. Baƙi da yawa sun fice, ayyukan da suka ci gaba kuwa galibi su ne waɗanda tun farko 'yan Haiti suke jan ragamarsu.