Murar tsuntsaye a Kano da Jigawa: daga Jaji zuwa agwagwar Janguza

A watan Disambar 2024 wani matashi a ƙaramar hukumar Gwale ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza da ke Tofa, ya sake ta cikin kajinsa da zabinsa. Kafin a ankara, 35 cikin tsuntsaye 50 sun mutu. Sai a farkon Janairun 2025 gwaji ya tabbatar murar tsuntsaye ce. Wanda ya san tarihin cutar nan a Arewa bai yi mamaki ba, don kusan kullum haka take shigowa: hunturu ya kankama, an kawo baƙon tsuntsu daga kasuwa, an cuɗa shi da na gida, sannan a ɗauki kwanaki kafin labari ya kai kunnen likitan dabbobi.

Nau'in murar tsuntsaye da ake kira H5N1 an fara gano shi ne a jikin dinya a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. Shekara guda bayan haka ya kama mutum 18 a Hong Kong, shida suka rasu. A Janairun 2006 kaji suka fara zubewa a wata babbar gona da ke Jaji, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, har kimanin 40,000 suka mutu. An kai samfuri Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, daga can aka tura Padova ta Italiya, sai ranar 8 ga Fabrairu aka sanar. Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar da cutar. Kusan wata guda ke nan tsakanin mutuwar farko da sanarwa, kuma cikin 'yan kwanaki aka ji ta a gonakin Kano da Filato.

Gwamnatin tarayya ta zaɓi hanyar kashe duk garken da cutar ta shiga, a biya diyya. Kuɗin farko da aka yanka naira 250 ne kan kowace kaza, abin da bai kai kuɗin kaza mai ƙwai a kasuwa ba. Nan gizo ke saƙar. Diyya ana biya ne kan tsuntsun da jami'ai suka kashe da hannunsu, wanda ya riga ya mutu ba ya cikin lissafi. Mai kiwo da ya wayi gari ya ga gawa ashirin sai ya yi lissafinsa, ya kira dillali ya kwashe masu sauran numfashi da araha. Kwandon kajin nan ya kwana a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko ya nufi ta Maigatari ranar Alhamis, cutar ta bi shi. Daga baya Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50, aka gyara diyyar ta kusanci farashin kasuwa, mutane suka fara kai rahoto. Zuwa 2008 cutar ta taɓa jihohi 25 da Abuja, tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya sun salwanta, wata mata 'yar shekara 22 ta rasu a Legas a Janairun 2007. Ɓullar ƙarshe ta wancan zagaye a Yulin 2008 ce, a Kano da Katsina, sannan a 2013 ƙasar ta ayyana cewa ta rabu da cutar.

Tun wancan zagayen ake ta muhawara kan ko cutar na shigowa ne ta fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen ƙaura ke sauka daga Turai da Asiya su yi hunturu, har da gandun Baturiya. A Fabrairun 2007 masu bincike sun samu ƙwayar wani nau'in murar, H5N2, mai tsanani a jikin kirinjijiya da dinyar daji a wannan fadama, tsuntsayen kuma garau, ba alamar ciwo. Don haka mai agwagi a Kirikasamma ko Guri da ke barin su suna iyo a ruwa ɗaya da na daji yana cikin haɗari na gaske. Amma tsuntsun daji iyakarsa ya kawo cutar bakin fadama. Daga nan zuwa akurkin Bichi ko Gezawa, babur ne da kwando da kiret ɗin ƙwai ke ɗaukar ta.

Cutar ta dawo a ƙarshen 2014, aka tabbatar da ita a Janairun 2015 a Kano da Legas, kuma Kano ce ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta. An yanka diyyar naira 1,450 kan kowane tsuntsu, sai dai wasu sun shafe fiye da shekara suna jiran kuɗin, abin da ya mayar da hannun agogo baya wajen kai rahoto. A ƙarshen 2016 an samu nau'in H5N8 a Kano, a farkon 2021 aka sake wani zagayen.

Duk tsarin nan an gina shi ne da manyan gonaki a zuciya, masu rajista da littafin ƙirga. Gidan da ke da kaji goma, zabi shida, talo-talo biyu, agwagi, ɗakin tattabaru a saman soro, wataƙila da ɗawisu ko jimina don ƙawa, shi ne ya fi wuyar ganewa, domin kowane jinsi da yadda cutar ke kama shi. Talo-talo da kaza da zabo su ke fara faɗuwa, sau da yawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, wani ma ba ya nuna komai sai dai a tsince shi a mace. Wanda ya ɗan jima za a ga kansa da fuskarsa sun kumbura, tsoron kansa da leɓatunsa sun koma shuɗi-shuɗi, ƙwaurinsa ya yi jajayen tabo kamar an ƙuje shi, ga zawo kore, ƙwai ya ɗauke ko ya fito da laushin ɓawo. Agwagwa kuwa tana iya yawo lafiya lau tana zubar da ƙwayar cikin kashinta da kaskon ruwan da kowa ke sha. Tattabara ba ta cika kamuwa ba, amma ƙafarta na kwaso ƙazanta daga gida zuwa gida.

Babban abin da ke ɓatar da mutane shi ne wata cutar kaji mai suna Nukasil, wadda ita ma hunturu ne lokacinta kuma alamunsu kusan ɗaya. Ido ba ya raba su. Sai dai in an yi wa kaji rigakafin Nukasil, wato Lasota ko I-2, a kan kari amma suna zubewa, ko kuwa ana asarar kaza da zabo da talo-talo lokaci guda, a ɗauka mura ce har sai gwaji ya ƙaryata. Jiƙa musu jar kafso ko maɗaci a ruwa ɓata lokaci ne, ƙwayar ba ta jin maganin kashe bakteriya.

Jami'in dabbobi yana shafo samfuri da tsinken auduga daga maƙogwaro da dubura, ya tsoma a ruwan adana ƙwayar, ko ya ɗauki sabuwar gawa a leda biyu ɗaure. Dole su zauna cikin ƙanƙara, wajen digiri 4, su isa Vom cikin kwana biyu. A nan ake yawan yin asara: gawar da ta kwana a rana ta ruɓe, ko kular da ƙanƙararta ta narke a tasha, sai sakamako ya fito ba komai alhali cutar na nan. Ɗan gwajin nan-take da ake yi a gona yana nuna mura ce kawai, bai faɗin nau'inta, kuma yakan kuskure.

Ba a jiran sakamako kafin a rufe gida. Kada tsuntsu, ƙwai, abinci, buhu ko taki ya fita. In an tabbatar, a kashe dukkan tsuntsayen gidan, har masu kama da lafiyayyu, kuma bisa ƙa'idar da aka saba ana tsaurara zirga-zirga a kewayen kilomita 3, a sa ido har kilomita 10. Ramin binnewa ya kai zurfin mita biyu, nesa da rijiya da inda ruwa ke kwanciya, a rufe da ƙasa mai kauri don kada karnuka su tone. Kiret na kwali da tsohon kwando ƙonawa ake yi, ba sa wankuwa.

Feshi ma akwai inda ake kuskure. Kashi da ƙura suna kashe ƙarfin magani, saboda haka sai an kankare, an wanke da ruwan omo, sannan a fesa. Maganin feshi Virkon S giram 10 ake zubawa a lita ɗaya ta ruwa, a bar shi jiƙe aƙalla minti 10. Kwanon tsoma ƙafa da ke bakin ƙofa in ya koma ruwan laka, ado ne kawai. A bar wurin fayau aƙalla kwana 21 kafin a zuba sabbi. Ƙwayar tana rayuwa a kashin tsuntsu fiye da wata guda cikin sanyi, kimanin mako guda cikin zafi, don haka buhunan kashin kaji da ake kai wa masu noman rani a Kura da Kadawa ba abin wasa ba ne a lokacin ɓulla. Wanda ya taɓa gawa ko ya fige ya wanke hannu da sabulu, ya lura da jikinsa kwana 10, in ya ji zazzaɓi ko tari ko jan ido ya je asibiti ya faɗi abin da ya taɓa.

Allurar rigakafin murar tsuntsaye ba ta cikin tsarin da gwamnati ta ɗauka tun 2006, bisa hujjar cewa tsuntsun da aka yi wa yana iya ɗaukar ƙwayar a ɓoye. Abin da ya rage a hannun mai kiwo shi ne keɓewa: duk tsuntsun da aka sayo ya yi mako uku a keji daban, da kaskonsa daban, a riƙa ba shi abinci bayan an gama da na gida. In agwagwa ce, mako ukun ma bai wanke ta ba, gara a ware mata wurinta da ruwanta dindindin.