Waiwaye: Yadda Lakers ta wayi gari tana neman dogo a ƙarƙashin kwando

A daren 30 ga Afrilun 2025, Rudy Gobert na Minnesota Timberwolves ya zura maki 27, ya kuma cafe ƙwallo 24 da ta dawo daga kwando, a gidan Los Angeles Lakers, a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA. Wanda ya san Gobert ya san ba a zura maki ya yi suna ba, a tsaron gida ne, inda ya ci kyautar gwarzon mai tsaro sau huɗu. Amma a wannan dare babu wanda ya kai shi tsawo da zai tsaya masa. Kocin Lakers JJ Redick ya ajiye dogonsa Jaxson Hayes a benci, ya bar LeBron James da Rui Hachimura da Dorian Finney-Smith suna kokawa da mutumin da ya haura ƙafa bakwai. Minnesota ta fitar da Lakers da cin wasa 4 da 1 a zagayen farko na wasannin neman kofi, duk da Lakers ta gama kaka da nasara 50 tana ta uku a rukunin Yamma. Daga nan aka shiga hutu da magana ɗaya a bakin kowa, har da babban manajan ƙungiyar Rob Pelinka: sai an samo senta, wato dogon da ke tsayawa ƙarƙashin kwando.

Abin da ya sa maganar ke da ciwo shi ne tarihin ƙungiyar. Tun tana Minneapolis, George Mikan ne ya ɗauko mata kofi biyar tsakanin 1949 da 1954. A 1968 ta karɓo Wilt Chamberlain daga Philadelphia, a 1975 Kareem Abdul-Jabbar daga Milwaukee, a 1996 Shaquille O'Neal ya baro Orlando a kan kwantiragin shekara bakwai na kusan dala miliyan 120, sai Pau Gasol daga Memphis a Fabrairun 2008. Kowannensu ya ɗaga kofi da rigar Lakers. Sai dai a lura, daga Chamberlain zuwa Gasol duk manya ne da suka riga suka yi suna a wani wuri. Lakers ta saba ta jira gwani ya gaji da gidansa, ta buɗe masa ƙofa. Wannan ɗabi'a ta yi mata rana tsawon shekaru, kuma a ganina ita ce ta sa ba ta koyi riƙe matsakaicin dogo mai amfani ba.

Tangarɗar ta fara fitowa a 2012, lokacin da aka kawo Dwight Howard. Kaka ɗaya ya yi ya tafi Houston. A 2016, da kuɗin albashi ya yi tsalle a gasar NBA, Lakers ta ba Timofey Mozgov dala miliyan 64 na shekara huɗu, abin da ya zame mata ƙarfen ƙafa. Don ta sauke shi a 2017 sai da ta haɗa shi da D'Angelo Russell ta tura Brooklyn. A wannan cinikin ta samu Brook Lopez, dogo mai tare kwando wanda kuma ya fara koyon jefa maki uku. Bayan shekara ɗaya aka bar shi ya tafi Milwaukee a kan kuɗin da bai kai dala miliyan huɗu ba, can ya zama ginshiƙin tsaro har suka ci kofin 2021.

Wanda ya fi ci wa magoya baya rai shi ne Ivica Zubac. Lakers ce ta zaɓo shi da kanta a 2016, na 32 a jerin sabbin 'yan wasa, yaro ɗan Kuroshiya mai hannu mai laushi da haƙurin koyo. A Fabrairun 2019, yana ɗan shekara 21 kuma ya fara samun gurbi a cikin biyar na farko, aka miƙa shi ga Clippers, waɗanda a lokacin suke wasa a fili ɗaya da Lakers, aka karɓo Mike Muscala saboda ana son mai jefa ƙwallo daga nesa kusa da LeBron. Muscala bai wuce ƙarshen kakar ba. Zubac kuwa a kakar 2024 zuwa 2025 ya riƙa zura kusan maki 17 da cafe sama da ƙwallo 12 a kowane wasa, ya shiga sahu na biyu na gwanayen tsaro. Irin mutumin da Lakers ta shafe bazarar 2025 tana nema ke nan, kuma da hannunta ta ba da shi.

Zuwan Anthony Davis daga New Orleans a 2019 ya rufe ramin na ɗan lokaci. Sai dai Davis bai taɓa ɓoye cewa ba ya son zama senta kullum ba, ya fi son a sa masa wani dogo a gefe ya ɗauke masa gumurzun ƙarƙashin kwando. Kofin 2020 da aka ci a Orlando lokacin korona ya ba shi hujja, domin JaVale McGee da Howard, wanda ya dawo a kan ɗan ƙaramin albashi, su suka yi wannan aikin. Da aka ci kofin sai duka biyun suka tafi. Daga nan aka shiga faci: Marc Gasol da Montrezl Harrell, sai Andre Drummond, sai DeAndre Jordan da Howard karo na uku, sai Thomas Bryant da Damian Jones, sai Mo Bamba, sai Hayes da Christian Wood. Kusan kowannensu gajeren kwantiragi ne, kusan kowannensu bai daɗe ba. A tsakanin nan Nikola Jokic da Denver suka fitar da Lakers a 2023 da 2024. A Janairun 2025 Davis ya sake fitowa fili ya ce suna buƙatar ƙarin dogo.

Ba a yi sati biyu ba aka wayi gari shi kansa an musanya shi. A farkon Fabrairun 2025 Davis da Max Christie da damar zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko na 2029 suka tafi Dallas, Luka Doncic ya zo. Babu mai hankalin da zai ƙi wannan ciniki, Doncic yana ɗan shekara 25 kuma ya kai Dallas wasan ƙarshe a 2024. Amma salon wasansa yana da sharaɗi. Yana son dogo ya tare masa mai tsaronsa, ya juya ya ruga kwando, shi kuma ya ɗaga masa ƙwallo sama ya danna. Haka ya yi da Dereck Lively da Daniel Gafford a Dallas. Pelinka ya san da haka, shi ya sa cikin kwanaki ya shirya karɓo Mark Williams daga Charlotte, ya ba da Dalton Knecht da Cam Reddish da zaɓin 2031 da damar musayar zaɓin 2030. Williams bai tsallake gwajin lafiya na Lakers ba, aka warware cinikin bayan kasuwa ta rufe. Knecht ya dawo ɗakin sa kaya ya tarar da mutanen da suka riga suka yi masa bankwana, ƙungiya kuma ta ɗauki Alex Len don cike gurbi.

Da hutu ya zo, hannun Pelinka a ɗaure yake. Yarjejeniyar albashi ta 2023 ta tsaurara wa ƙungiyoyi masu kashe kuɗi da yawa, zaɓukan zagayen farko na 2025 da 2027 da 2029 kuma duk an riga an ba da su a cinikin baya. Myles Turner ya tafi Milwaukee, Clint Capela ya koma Houston, Lopez, wanda ake ta alaƙanta shi da dawowa, ya zaɓi Clippers. Finney-Smith ma ya tafi Houston.

Mafita ta fito daga Portland, wadda ta sasanta da Deandre Ayton ta sake shi. A Yulin 2025 ya sa hannu a Lakers na shekara biyu a kan kusan dala miliyan 16, aka kuma sabunta wa Hayes. Ayton, haifaffen Bahamas wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi aka zaɓa na ɗaya a jerin sabbin 'yan wasa a 2018, shekarar da aka zaɓi Doncic na uku, kuma ya kai wasan ƙarshe da Phoenix a 2021. Baiwa kam akwai ta, maki 16 da cafe ƙwallo 10 a wasa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Abin da ake tuhumarsa a kai shi ne rashin ɗorewar himma da yawan jinya, wasa 40 kacal ya buga a kakarsa ta ƙarshe a Portland.

A wannan farashi ciniki ne mai kyau, kuma ina ganin ya fi duk facin da aka yi tun 2020. Damuwata tana ga tsarin kwantiragin. Yadda aka tsara shi a 2025, shekara ta biyu zaɓin Ayton ce: in ya yi fice zai iya ficewa ya nemi albashi mai tsoka, in bai yi ba ya zauna Lakers ta biya. Doncic kuwa ya sa hannu a Agustan 2025 a kan ƙarin shekara uku na dala miliyan 165, kuma har zuwa lokacin ƙungiyar ba ta da wani matashin dogo nata da take raino a bayan Ayton.