Dokar inshorar lafiya ta 2022: an ce ta zama dole, to wa zai biya wa talaka?

Jama'a akwai dokar da ta shafi aljihun kowannenmu amma da wuya ka ji ana hirarta a majalisa ko a gidan biki. Ranar 19 ga Mayun 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ta maye gurbin tsohuwar NHIS da aka yi wa doka tun 1999 aka ƙaddamar da ita a 2005 zamanin Obasanjo. Babban abin da ya canza shi ne a da ganin dama ne, yanzu kuma doka ta ce duk wanda ke zaune a Najeriya dole ya kasance yana da inshorar lafiya. Ba ma'aikacin gwamnati kaɗai ba, har da mai shayi da ɗan adaidaita da matar da ke sayar da ƙosai a ƙofar gida.

Me ya sa aka yi haka? Saboda yadda muke biyan kuɗin magani a ƙasar nan shi ne mafi muni. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa kai tsaye, a ranar da ciwon ya zo, lokacin da mutum ba shi da ko sisi a ajiye. Shi ya sa za ka ga an sayar da akuya ko gona, ko a ɗora hoton mara lafiya a Facebook da lambar asusu ana neman taimako, wani kuma ya haƙura ya koma gida yana shan jiƙe-jiƙe har abin ya fi ƙarfin likita. Tsohuwar NHIS ta yi kusan shekara 17 tana aiki amma waɗanda ta ɗauka ba su kai kashi 10 cikin 100 na 'yan ƙasa ba, kuma mafi yawansu ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da iyalansu.

Yadda abin yake aiki kamar adashi ne, kowa yana zuba kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya, sai dai a nan ba kwasa ake yi bi da bi ba, wanda ciwo ya kama shi ake biya wa. Na san akwai masu ɗari-ɗari da inshora saboda addini, kuma damuwarsu ba abin raini ba ce. Jihohinmu na Arewa da dama sun gina nasu tsarin ne a kan taimakekeniya, kuɗin na masu zubawa ne don a taimaki wanda ya faɗi a cikinsu, ba wani kamfani ne ya buɗe shi don cin riba ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je ofishinsu ya ji yadda ake juya kuɗin, ya kai wa malaminsa bayanin yadda yake, ya fi ya yanke hukunci da jita-jita.

Kafin mu shiga maganar biya sai an fahimci yadda aka jera asibitocin, don a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Hawa uku ne. Na ƙasa shi ne ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, wanda muke kira sha-ka-tafi, can ake awon ciki da rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauro da haihuwar da ba ta zo da tangarɗa ba. Na tsakiya su ne manyan asibitocin jiha irin su Murtala a Kano, na sama kuma asibitocin koyarwa na tarayya, Malam Aminu Kano, Shika a Zariya, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri da sauransu. A tsarin inshora ba ka tsallaka hawa da kanka. Ranar rajista za ka zaɓi asibiti ɗaya ya zama naka na farko, duk ciwon da ya taso can za ka fara zuwa, idan ya fi ƙarfinsu su ne za su rubuta maka takarda su tura ka gaba. Ka tashi kawai ka tafi asibitin koyarwa ba takardar turawa, to ka shirya biya daga aljihunka, sai dai in gaggawa ce.

To wa ke biya?

Ma'aikaci dai daga albashi ake cira, shi da wanda ya ɗauke shi aiki kowa ya sa nasa kason. Tsohon lissafin da aka saba da shi kashi 10 cikin 100 na ainihin albashi ne daga wanda ya ɗauki ma'aikacin, kashi 5 kuma daga shi ma'aikacin, jihohi kuma kowacce da nata kason da dokarta ta yanka. Sabuwar dokar ta ce duk wurin aikin da ke da ma'aikata biyar zuwa sama, na gwamnati ko mai zaman kansa, sai ya sa su a tsarin. Wannan ya kamata malaman makarantun kuɗi da ma'aikatan gidajen mai da na gidajen burodi su sani, haƙƙinsu ne ba alfarma ba. Katin inshorar ma'aikaci yana ɗaukar shi da matarsa ɗaya da 'ya'yansa na cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba, kuma gaskiya wannan lissafin bai yi la'akari da irin gidajenmu ba, magidanci mai mata biyu da yara tara ga tsohuwa a ɗaki sai ya tsaya yana zaɓen wa zai sa wa zai bari. Ana iya ƙara sauran amma da ƙarin kuɗi a kan kowane mutum. Shawarata a nan ita ce a fara sa ƙananan yara da mai ciki da wanda ke da ciwon da ba ya rabuwa da magani irin sikila ko asma.

Wanda ba ya aikin albashi kuma, ɗan kasuwa ko manomi ko tela, ƙofa biyu gare shi. Ko ya je hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharsa, KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, SOCHEMA a Sakkwato, haka Katsina da Jigawa da Bauchi da Gombe duk suna da tasu, ya biya kuɗin shekara, ko ya shiga shirin GIFSHIP na ita NHIA ɗin wanda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya za su iya shiga. Ɗaliban jami'a da kwalejoji suna da nasu, TISHIP, wanda yawanci a cikin kuɗin rajista ake haɗa shi, yara da yawa suna biya har su gama makaranta ba su san suna da shi ba. A tafi da lambar NIN, kuma a sani ba ranar da ka yi rajista katin ke fara aiki ba, akwai 'yan makonni na jira. Don haka ba abin da za ka bari sai matarka ta fara naƙuda ba ne.

Yanzu ga inda ya fi damuna, talakan da ba shi da abin zubawa kwata-kwata. Dokar ba ta manta da shi ba, ta kafa asusu na musamman don masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mata masu ciki, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da matalauta. Ranar sa hannu Buhari ya ce mutum miliyan 83 ake nufi da wannan asusun. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kuɗinsa ita ce wata tsohuwar doka, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da Jonathan ya sa wa hannu, wadda ta ce duk shekara a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko. Shi ne ake kira BHCPF. Dokar ta ce rabin kuɗin a biya wa mutane inshora da shi, kashi 45 ya tafi ƙananan asibitoci don magani da kayan aiki da gyara da ma'aikata, kashi 5 kuma na agajin gaggawa. Shekara huɗu wannan tanadi yana kwance a takarda, sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, wajen naira biliyan 55.

Ma'ana ke nan a kowace mazaɓa ana so a samu ƙaramin asibiti ɗaya da ke karɓar wannan kuɗi, kuma a cikinsa akwai rajistar sunayen mutanen da gwamnati ta riga ta biya wa, su zo a duba su a ba su magani ba su ba da ko kwabo ba. Matsalar ita ce gurbin kaɗan ne, mabuƙata kuma ba iyaka, to wa ke shiga rajistar? Nan fa ake yin ta. Idan mutanen unguwa ba su san da zancen ba sai ka tarar an cika gurbin da 'yan'uwa da abokan arziki, gwauruwar da ke riƙe da marayu biyar ko labari ba ta ji ba. Wallahi wannan yana ci min rai, don kuɗin nan da sunanta aka fitar da shi. Kowace mazaɓa tana da kwamitin cigabanta da ke sa ido a kan asibitin, akwai mai unguwa, akwai kansila, akwai shugaban asibitin. A je a tambaye su kai tsaye: asibitin nan yana cikin BHCPF? mutum nawa aka yi wa rajista? yaushe za a sake ɗauka, kuma da wane ma'auni ake zaɓa? Tambaya ce da kowane ɗan unguwa ke da ikon yi, kuma ƙungiyoyin matasa da na masallaci za su fi mutum ɗaya samun amsa.

Sai kuma ƙorafin da masu kati suka fi yi, cewa in ka ce kai ɗan inshora ne sai fuskar ma'aikaci ta canza. Akwai dalili, kuma sanin dalilin zai taimaka. Asibitinka na farko ba a biyansa bisa yawan zuwanka, wani ƙayyadadden kuɗi ake ba shi duk wata a kan kowane mutum da ya zaɓe shi, ko ya zo ko bai zo ba. Shekaru da yawa kuɗin nan naira 750 ne kacal a wata. Ka duba yadda magani ya yi tashin gwauron zabi daga 2023 da naira ta faɗi, ka ga ta yaya 750 za ta riƙe mai hawan jini da ciwon suga? An ƙara kuɗin a 2024 aka sake ƙarawa a 2025, amma har yanzu za ka miƙa takarda ta tagar ɗakin magani, magani huɗu aka rubuta maka, a miƙo maka farasitamol da ɗaya a ce sauran biyun babu, je ka kemis. A ƙa'ida ma'aikacin albashi mai katin inshora kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin kawai yake biya, maganin dubu biyar ka ba da ɗari biyar, kuma in maganin yana cikin jerin da hukuma ta amince da shi nauyin asibitin ne ya samo maka. Ka riƙe rasit ɗin abin da ka saya a waje, ka kai ƙorafi a rubuce ga ofishin NHIA na jiharka ko hukumar jiha, kuma kana da damar canza asibiti in abin ya ci gaba.

Haka maganar lambar izini. In za a tura ka babban asibiti ko a yi maka tiyata ko wani gwaji mai tsada, sai kamfanin da ke tsakanin hukumar inshora da asibiti, wato HMO, ya ba da lamba cewa ya yarda zai biya. A nan ne mutum zai wuni a benci da fayil a hannu, ma'aikaciya tana ta kiran waya ba a ɗauka, ko a ce sabis ba kyau a dawo gobe. A 2025 NHIA ta ba da umarnin cewa kada ba da lambar nan ya wuce awa ɗaya. Duk wanda aka ajiye shi fiye da haka ya rubuta lokacin da aka nemi lambar da sunan kamfanin, da shi zai kai ƙara.

Kada kuma a ɗauka kati yana biyan komai. Ba ya biyan tiyatar gyaran jiki don kwalliya, ba ya biyan fita waje neman magani, wasu manyan abubuwa irin wankin ƙoda da hoton MRI kuma wani ɓangare kawai ake ɗauka. Ka nemi a nuna maka jerin abin da tsarinka ya ƙunsa tun ranar rajista, don na jiha da na tarayya ba lallai su zama iri ɗaya ba. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, amma a asibitocin da aka sa cikin shirin ne, don haka mai ciki ta tambaya tun wajen awo wanne ne mafi kusa da ita.

Akwai wani haƙƙi da ba ruwansa da kati, ko kana da inshora ko ba ka da ita. Sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mutum a halin gaggawa bisa kowane irin dalili, wanda ya saɓa tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba ko duka biyun. Wata dokar ta 2017 kuma ta ce wanda aka harba da bindiga a fara ceto ransa, ba sai an kawo takardar 'yan sanda ba, ba kuma sai an ajiye kuɗi ba, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda daga baya. A yankunan da 'yan bindiga suka addaba irin Zamfara da Katsina da Birnin Gwari wannan ba ƙaramar magana ba ce, direbobi da 'yan sa-kai da ke ɗauko waɗanda aka jikkata ya kamata su san da ita. Ba wai an yafe kuɗin ba ne gaba ɗaya, ana iya kawo lissafi bayan an ceto mutum, abin da aka hana shi ne a bar shi yana zubar da jini a bakin ƙofa ana jiran a biya kuɗin katin asibiti.

Ita gwamnati ma akwai nata bashin. A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, namu na tarayya yawanci a wajen kashi 5 yake yawo, kuma da irin wannan kason babu yadda za a yi a biya wa mutum miliyan 83. Dokar 2014 ta ce jiha sai ta sa nata kason kafin ta ci moriyar asusun BHCPF, to ɗan majalisar jiharku in ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi nawa jihar ta zuba a hukumar taimakekeniya bara, kuma mutum nawa aka yi wa rajista kyauta a ƙaramar hukumarku.