Bulon ƙasa na inji: me ake zuba masa ya yi ƙarko?

Mene ne bambancinsa da tubalin da muka sani?

Tubali da hannu ake mulmula shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, a shanya a rana. Shi kuwa wannan, ɗan danshi kawai ake ba ƙasar, sannan inji ya danne ta har ta cure. Injin hannu na CINVA-Ram a Kolombiya aka ƙera shi a shekarun 1950, kuma a nan gida cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya (NBRRI) ta ƙera nata.

Tunda an matse shi, me kuma zai sa a ƙara wani abu?

Ruwa. Yumɓu na kumbura idan ya jiƙe, ya tsage idan ya bushe. Daminar Katsina gajera ce, amma ruwan Agusta da iska yake zuwa, yana dukan bango kai tsaye. Shi ya sa ake zuba siminti, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ga wanda aljihunsa zai ɗauka.

To, me muke da shi a gida?

Na farko makuba. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa ko a dafa shi, ruwan ya yi ja, da shi iyayenmu mata suke ƙarfafa daɓe, magina kuma su yi yaɓe. Idan aka kwaɓa ƙasar bulo da wannan ruwa maimakon ruwan rijiya zalla, bulon ba ya saurin shan ruwa. Akwai kuma laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara, amma shi aikinsa a fuskar bango yake. Abin da ke damuna shi ne masu iya haɗa shi suna ƙarewa, alhali irin wannan ilimi da gyara a kai a kai ne suka riƙe hasumiyar Gobarau ɗaruruwan shekaru.

Tokar ɓuntun shinkafa ma tana da amfani, sai dai ita kaɗai ba ta kama ƙasa. Sai an haɗa ta da ƙonanniyar farar ƙasa, a bar bulon a lulluɓe cikin danshi na makonni. Ciyawa na rage tsagewa, amma tana hana inji matsewa da kyau, gara kuma na son ta.

Makuba za ta maye gurbin siminti?

A katanga da ɗaki marar bene tana taimakawa ƙwarai. A bene ko bangon banɗaki, a'a, kada a yi ganganci da rayukan iyali.

Kowace ƙasa za ta yi?

A'a. A guji ƙasar saman gona. A haƙo birji, a zuba kaɗan cikin kwalba da ruwa, a girgiza a ajiye: yashi zai kwanta ƙasa, yumɓu a sama, kuma ana so yashin ya fi yawa. Wajen Daura rairayi kan yi yawa har sai an ƙaro yumɓu. Kafin a buga dubu, a buga goma, su bushe, a tsoma biyu cikin bokitin ruwa su kwana, a ga ko za su narke. Harsashi kuma a ɗaga shi da dutse ko bulon siminti, indararo ya zubar da ruwa nesa da bango.