Waiwaye: Doguwar Tafiyar Rigakafin Ciwon Boru

Ciwon baki da kofato, wanda makiyaya suka fi sani da boru, shi ne cutar dabbobi ta farko da masana suka tabbatar cewa ƙwayar bairos ce ke haddasa ta. Jamusawa biyu, Friedrich Loeffler da Paul Frosch, su ne suka gano haka a shekarar 1897 zuwa 1898, kuma saboda saurin yaɗuwar cutar aka mayar da binciken tsibirin Riems na ƙasar Jamus a 1910, nesa da garken manoma.

Sai da aka shafe kusan shekara arba'in da gano ƙwayar kafin Otto Waldmann da abokan aikinsa su samar da allurar rigakafi mai amfani a wannan tsibiri. Hanyarsu tana da tsada da ban tausayi: ana sa wa saniya cutar da gangan a harshe, a jira ƙuraje su taso, a kankare fatar, sannan a kashe ƙwayar da sinadarin fomalin. A 1947 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Frenkel ya sauƙaƙa aikin, inda ya riƙa renon ƙwayar a kan fatar harshen shanun da aka riga aka yanka a mahauta. Daga shekarun 1960 kuwa, binciken cibiyar Pirbright ta Ingila ya ba da damar renonta cikin manyan tankuna, abin da ya sa allurar ta wadatu.

Ƙasashen Turai da dama sun yi ta yi wa shanunsu allura duk shekara har cutar ta ja da baya, sannan Tarayyar Turai ta dakatar da rigakafin a 1991. Da cutar ta ɓarke a Birtaniya a 2001, an zaɓi kisa maimakon allura, aka hallaka dabbobi fiye da miliyan 6.

A Afirka lamarin ya fi wuya, domin ƙwayar iri bakwai ce, kuma rigakafin wani iri ba ya kare dabba daga wani. A Najeriya kaɗai an tabbatar da nau'in O da A da SAT1 da SAT2. Ko da yake cibiyar haɗa rigakafi ta Botswana ta daɗe tana samar da allurar da ta dace da nau'o'in nahiyar, kariyar ba ta cika wuce wata shida ba, kuma kwalbar tana lalacewa idan ba ta zauna cikin sanyi ba. Ga makiyayin da ke mashekari, inda babu wutar lantarki balle firiji, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Tun da yake cutar ba ta cika kashe manyan shanu ba, sai dai ta sa su dalalar da miyau da ɗingishi, nono ya ƙafe, maruƙa su mutu, gwamnatoci sun fi ba ciwon huhun shanu muhimmanci. Shi ya sa masu bincike a yanzu suka karkata ga allurar da za ta jure zafi, ta kuma daɗe a jikin dabba.